Ranar da Aka Karanta Littafin Firdaoussi

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke cikin takarda tun ba a buɗe ta ba. Wannan labarin Safiatou ne mai kitso, wadda ke zaune a hawa na huɗu a Park Hill, ƙofar da ke kusa da matakala. Duk wanda ya daɗe a gidajen nan ya san ta, doguwa, baƙa, carbi a hannu ko a cikin bas.

A wani ƙauye kusa da Tasawa aka haife ta. Ba a sa ta lakwal, makarantar boko, ba. Karatun allo ma da kunne ta yi shi, tana daka a tsakar gida, yayyenta maza suna biyawa a zaure, kafin su riƙe sura ita ta riƙe. Allah ya yi mata kai. Waƙa in ta ji sau ɗaya a gidan biki, gobe za ka ji ta a bakinta wurin niƙa, ba ta zubar da ko kalma. Har yau lambobin wayar matan da take yi wa kitso a kanta suke. Amma ka ba ta takarda, ko sunanta aka rubuta da manyan baƙaƙe, ba ta san nata ba ne.

Mijinta Hambali ne ya kawo ta New York. Jakunkuna da tabarau yake sayarwa a bakin Canal Street, rani da sanyi yana tsaye, har sanyin ya shiga ƙirjinshi bai fita ba. Allah ya jiƙanshi. Ya bar mata ɗiya guda, Firdaoussi, tana da shekara takwas a lokacin. Tun daga nan Safiatou take fita bayan asuba, bas zuwa bakin ruwa, jirgin ruwa zuwa Manhattan, jirgin ƙasa zuwa shagon kitso a Harlem. Da launi take gane hanya, da kuma ƙirga tasha a yatsu.

Firdaoussi 'yar fari ce, don haka uwarta ba ta kiran sunanta. Haka aka yi wa Safiatou, haka aka yi wa uwarta. "Ke" take ce mata, ko "'yar nan", in kuwa a gaban mutane ne sai ta ce ɗiyar Hambali. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa akwai wani abu a ciki ba. Ita dai ta san tana tashi ta dama mata koko, ta san tana tsayuwa awa goma a kan kan mutane don yarinyar ta yi karatu.

To, akwai yadda matan Park Hill marasa karatu suke yi da takarda. Duk abin da aka turo, na asibiti ne, na masu gida ne, na makarantar yara ne, sai a tara a jaka. Ranar Asabar bayan la'asar a kai wa Malam Issoufou, mai shagon kayan abinci a ƙasan layi. Tsohon malamin lakwal ne a Damagaram, ya iya Faransanci, ya iya Turanci. Yana zaune bayan kanta da tabarau a karan hanci, mata suna zaune a kan buhunan shinkafa suna jiran layi, shi kuwa ya ɗaga murya ya karanta, ya juya da Hausa. Kowa na jin na kowa. Ba a taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. A nan ake sanin wadda sikarinta ya hau, a yi mata sannu, a nan ake sanin wadda za a tasa daga gida, a nema mata lauya. Shekara da shekaru haka ake yi, kuma ya taimaki mutane da yawa, gaskiya kenan.

Firdaoussi ta kai shekara goma sha bakwai, tana wata makaranta a Manhattan. A da yarinya ce mai surutu, a yi mata Hausa ta amsa da Turanci, kullum tana tare da ƙawarta Sa'adiyya, ɗiyar wasu Kanawa a ginin gaba. Tun suna ƙanana tare suke, kwano ɗaya, har ɗankwali suke musaya. Sai kwatsam Sa'adiyya ta daina zuwa. Firdaoussi ta daina cin abinci sai tsakura. Ta dawo makaranta ta shige ɗaki, ta fito idanu sun yi ja. In uwar ta tambaya sai ta ce ba komai. Abin da kawai ba ta rabuwa da shi wani kaye ne, littafin rubutu mai koren bango, kullum tana duƙe a kanshi da biro.

Abin da ya tayar wa Safiatou hankali shi ne, a bara an yi wata yarinya a hawa na shida da ta sha ƙwayoyi, Allah ya yi da sauran kwananta aka same ta da rai. Daga baya aka ce duk ta rubuta abin da za ta yi a littafinta, wata uku kafin ta yi. Uwarta kuwa kullum tana share ɗakin, ta ɗaga littafin, ta goge ƙarƙashi, ta mayar. Wannan magana ta zauna wa Safiatou a ƙirji. Ita ma kullum tana ɗaga koren littafin ta goge ƙarƙashi.

Wata Asabar Firdaoussi ta tafi ɗakin karatu na unguwa ta manta shi a kan gado. Safiatou ta buɗe. Ba ta san abin da aka rubuta ba, amma ta san kamannin takardar mai lafiya. Takardar makaranta cike take daga gefe zuwa gefe. Wannan kuwa gajeru-gajerun layi ne, rabin shafin fari fat, wani wuri kalma ɗaya tal a tsaye ita kaɗai, wani wuri tawada ta baje kamar ruwa ya ɗiga. Ta ce a ranta mai lafiya ba ya rubutu haka, wannan rubutun wanda numfashi ke yanke wa ne. Ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta sa littafin a jakar takardu, ta sauka.

Mata biyar ta tarar a shagon. A'i, 'yar Zangon Kumasi mai sayar da wake da shinkafa, ita ce a gaba, ta ce a bar Safiatou ta shiga tunda fuskarta kamar an aiko mata sammaci. Malam Issoufou ya karɓi littafin ya juya shafi biyu uku, sai ya yi murmushi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan ba wasiyya ba ce, waƙa ce. Ya ce yaran nan suna da irin littattafansu yanzu, labari ne guda daga farko har ƙarshe amma da baituka ake ba da shi, kuma ga alama ɗiyar Hambali nata take rubutawa, ya fi shafi ɗari. Safiatou ta ce ko ma mene ne ya karanta, tana so ta ji da kunnenta ko akwai maganar mutuwa a ciki.

Sai ya gyara tabarau ya ɗaga murya, yadda yake yi wa takardar asibiti.

"Ƙarfe bakwai da rabi jirgi ke tashi.
Na ɗora jakata a kujerar da ke kusa da ni,
ina yi kamar mantuwa ce.
In ya zo zan ɗauke.
Yau kwana tara jakata na zaune."

A'i ta tafa hannu ta ce a'a, wane ne wannan mai sa jaka zaman jira? Mata suka kwashe da dariya. Safiatou ma sai da ta ɗan saki fuska, don dai ta ji ba mutuwa ba ce. Da a nan ta karɓi abinta ta tafi, da shi kenan. Amma ta ce ya ci gaba, wataƙila mugun abin yana gaba. Ya ci gaba. A waƙa ta huɗu sunan ya fito, Sadiƙ, ɗan wani direban tasi a ginin bayan masallaci, kowa a shagon ya san uwarshi. A ta bakwai ga Sa'adiyya.

"Ni da Sa'adiyya abin jin waƙa ɗaya muke rabawa,
ita kunnen dama, ni na hagu,
igiya ɗaya ta ɗaure mu, ba mai yin nisa.
Jiya na hango su a bayan jirgi.
Na hagun yana kunnen Sadiƙ."

Aka yi ta salati ana dariya. Wata ta ce ai dama Kanawa ba a barin su da tukunya a kan wuta. A'i ta ce wa Safiatou ta fara tara kwanoni, ko da yake ga alama gidan Kanawa za a kai su. Malam Issoufou kuwa daɗin abin ya kwashe shi, tsohon malami ya samu ɗalibar kirki, yana karantawa yana cewa ku ji wannan, wallahi yarinyar nan ta iya. Waƙa goma ya karanta. Ya shiga ta goma sha ɗaya.

"Malamaina bakwai, sunana bakwai,
kowa da inda yake karya shi.
Mutum ɗaya ce a garin nan ta iya faɗinshi daidai,
ita kuwa 'ke' take ce mini."

Sai ya tsaya. Idonshi ya sauka ƙasa ya ga sauran, ya rufe littafin ya miƙa mata. Ya ce saura layi huɗu, amma waɗannan ba na shago ba ne. Ba wadda ta yi dariya. Safiatou ta sa littafin a jaka ta hau sama ta mayar da shi daidai inda ta ɗauka, har da gyara zanen gado.

A'i ba da mugunta ta yi ba, Allah ya sani. Ta je gida tana ba da labari wurin tuƙa tuwo, 'ya'yanta na ji. Ranar Litinin da safe, Firdaoussi na shiga bas wani yaro ya ɗaga jakarshi daga kujera ya ce mata ta zauna, kwana tara ya yi yawa. Duk bas ɗin ya ɗauka. A cikin jirgin ruwa aka maimaita, Sadiƙ na tsaye yana ji, Sa'adiyya na gefenshi.

Da yamma Safiatou ta dawo daga aiki ta tarar da ita tsaye a tsakar ɗaki da jaka a baya. Yarinyar da ba ta Hausa sai dole, ranar da Hausa ta yi magana, tana haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, ke kika kai?"

Safiatou ta ce ita ce. Ta fara bayanin yarinyar hawa na shida, da tsoron da ta ji, da cewa ai kowa can yake kai takardarshi. Firdaoussi ba ta bari ta gama ba.

"Ni ba takardar asibiti ba ce."

Ta fita. Safiatou ta bi ta har matakala ba takalmi, tana ke, ke, tsaya, 'yar nan tsaya. Ba ta waiwayo ba.

Kafin isha'i Hasiya, ƙanwar marigayi Hambali da ke Soundview a Bronx, ta bugo waya ta ce yarinya na wurinta, kada a je wurin 'yan sanda. Safiatou ta yi sujada a kan tayil ɗin kicin. Amma kwana uku, kwana biyar, mako guda, yarinya ba ta dawo ba, ba ta ɗaga waya. Ranar Lahadi Safiatou ta dafa dambun zogale irin wanda take so, ta ɗauki bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa har Bronx. Firdaoussi ta kulle kanta a banɗaki har uwar ta tafi. A bakin ƙofa Hasiya ta gaya mata sauran. Ta ce ranar Litinin ɗin nan, a tsakiyar ruwa, yarinyar ta jefa koren littafin daga jirgi. Shekara biyu tana rubuta shi. Wata malama a ɗakin karatu ta ce mata littafi ne na gaske, ta gama ta kawo. Babu wani kwafi, don ta ƙi sa shi a waya, wai kada wani ya gani. Yanzu ta ce ba za ta sake rubuta ko layi ba, kuma tana cika shekara sha takwas za ta bar garin, ta tafi inda ba mai jin Hausa. Saura wata biyu ta cika.

Safiatou ta rame a makonnin nan. Kitso ma ya daina yi mata daidai, har wata ta tashi da rabin kai ta tafi wani shago. Ta yi azumin Litinin da Alhamis, ta yi sadakar ƙosai a masallaci. Ta je ta samu A'i, da niyyar faɗa, ta tarar da ita tana kuka tun kafin a yi magana, sai suka zauna kawai. Malam Issoufou ya aiko a ba ta haƙuri, kuma tun daga nan ya sa kujera a bayan shago, mace ɗaya-ɗaya ke shiga. Duk wannan bai dawo da kowa ba. Kullum da safe tana ƙetare ruwan nan, ta tsaya a bakin ƙarfen jirgi tana kallon ƙasa, kamar kore zai taso.

A nan ne wata safiya ta ji bakinta na motsi, ta ɗauka tasbihi take. Ashe ƙarfe bakwai da rabi jirgi ke tashi take faɗa. Ta bi ta har ƙarshe, babu abin da ya faɗi. Ta gwada ta biyu, tana nan. Ta uku, tana nan. Duk goma sha ɗayan suna kanta yadda Malam Issoufou ya juya su, har da tarin da ya yi a tsakiyar ta shida.

Ba ta iya rubuta saƙo, amma ta iya danna ɗan hoton nan a waya ta yi magana, don da shi take gaisawa da 'yan Tasawa. Ta kuma san in an saurara alamar na komawa shuɗiya. Ta koma can bayan jirgi inda iska ke korar mutane, ta juya baya. Mace mai shekara arba'in da shida, mai takaba ɗaya, za ta buɗe baki ta yi waƙar saurayi. Ta nemi gafarar Allah in da laifi, ta danna. Ba gaisuwa, ba ban haƙuri. Ta faɗi waƙar jaka daga farko har ƙarshe ta saki.

Da azahar ta duba, alamar ta yi shuɗi. Ba amsa.

Gobe ta tura ta biyu. Jibi ta uku. Kullum ɗaya, kullum a bayan jirgi, kullum alamar ta yi shuɗi, kullum shiru. Hasiya ta ce yarinyar na shiga banɗaki da wayar ta daɗe, ba ta san ko kuka take ko fushi ba. A ta bakwai muryar Safiatou ta karye wurin kunnen hagu, don sai a lokacin ta ji abin da 'yarta ta ɗauka ita kaɗai, ga ƙawa ta tafi ga yaro ya tafi, ita kuma tana gefe tana tambayar ko ta ci abinci. Ba ta goge ba, haka ta tura.

Ran kwana goma sha ɗaya ba sauran komai a hannunta sai ta ƙarshe, kuma rabi ce. Bayanta ba ta da abin da za ta sake turawa. Ta faɗi layi huɗun da ta sani. Ta ce nan Malam ya tsaya, ita ba ta san ƙarshen ba. Sai ta tsaya, yatsa na kan waya. Ta san kiran sunan 'yar fari ba haram ba ne, kunya ce kawai, amma kunyar da uwarta ta mutu da ita, kakarta ma haka. Sau biyu ta goge saƙon ta sake daga farko. A na uku, jirgi ya kusa tsayawa, mutane sun fara matsowa, ta rufe ido.

"Firdaoussi. Firdaoussi, ni na zaɓa miki shi, ba babanki ba. Kullum ina faɗinshi, a sujada nake faɗi. Na yi kuskure, ɗiyata. Abin da ya rage na littafinki ke nan, ba ni da sauran."

Alamar ba ta yi shuɗi da azahar ba. Ba ta yi da la'asar ba. Safiatou ta kama kan wata mata tana kitsawa tana kwancewa, waya na kan cinyarta. Ta hau jirgin dawowa rana na faɗuwa, ta riga ta gama sallamawa, tana cewa Allah ka tsare ta duk inda za ta. Sai wayar ta yi motsi. Saƙon murya ne, gajere. Ta kara a kunne da hannu biyu.

"Inna, ta shida ba haka take ba, Malam ya ɓata ta. Ki sake daga ta farko. A hankali, ina rubutawa." Ana jin ƙarar takarda. "Sauran layi huɗun, ba a waya zan gaya miki ba."

Ba ta ce yaushe ba. Safiatou ba ta tambaya ba, tsoro take kada ta taɓa abin ya fashe. Ta share fuska da bakin mayafi, ta samu kujera a gefen da ba kowa, ta ɗora jakarta a ta kusa da ita. Sannan ta danna, ta fara daga ƙarfe bakwai da rabi, tana tsayawa a ƙarshen kowane layi don mai rubutu ta cim mata.